Dutse Ma Ya Taɓa Laushi

A bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya akwai wuraren fasa dutse da dama, kuma a ɗayansu na fara ganin abin da ya jawo wannan rubutu. Motarmu ce ta lalace, direba ya shige ƙarƙashinta, ni kuma zama ya ishe ni, sai na gangara wajen masu fasa. Nakiya ta riga ta tsage gefen dutsen, ta bar cikinsa a fili kamar an yanka kabewa. A jikin tsagin akwai zane, fari da baƙi, layi bisa layi, amma babu layin da ya miƙe. Sun lanƙwashe, sun naɗe cikin juna, wani wuri sun yi siriri kamar zare, wani wuri farin ya kumbura ya tsintsinke ya jeru kamar 'ya'yan carbi.

Wani dattijo na zaune da gudumarsa yana mayar da gunduwa tsakuwa. Na ce, "Baba, sannu da aiki. Wa ya yi wa dutsen nan zane haka?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ikon Allah ne, ɗana. Amma kowane dutse da hanyarsa. In ka bi hanyarsa, bugu biyu ya buɗe maka. In ka saɓa, ka wuni kana azabtar da kafaɗarka." Ya juya gunduwar da ke gabansa, ya daidaita ta da zanen, ya buga. Ta rabe biyu sumul.

Wannan da ya kira hanya, masana ilimin duwatsu sun fi shekara ɗari suna jayayya a kan yadda aka yi ta samu. Amsar da suka tsaya a kanta tana da wuyar haɗiya ga wanda ya taso yana jin ana misalta taurin kai da dutse: zanen nan shaida ce cewa dutsen ya taɓa miƙewa, ya naɗu, ya gudana, kuma duk wannan ba tare da ya narke ya zama ruwa ba. Wanda ya taɓa tsayawa wajen mai alewa ya ga misalin. Tana da ɗumi, ya ja ta, ya ninka, ya sake ja, launukan su jeru a jikinta. Ta huce, ka ƙwanƙwasa ta, ta karye.

Ba a nan aka fara gano haka ba. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fara shi ne wani ƙurmus mai sanyi da ruwan sama, a arewa maso yammacin Sikotlan, kuma da rigima aka fara.

A tsakiyar ƙarni na 19 babu wanda ya kai Roderick Murchison faɗa-a-ji a fagen duwatsu a Birtaniya. Shi ne shugaban hukumar binciken ƙasa tun 1855, yana da kuɗi, yana da fada. Ya duba tsaunukan yankin ya yanke hukunci cewa duwatsun a jere suke yadda aka saba, tsoho a ƙasa, sabo a bisa, kamar tubalin gini. Sai dai akwai abin da bai zauna ba. A ƙasa akwai dutsen farar ƙasa mai ɗauke da burbushin halittun teku, wanda ko ɗumi bai sha ba. A kansa kuma ga wani dutse da ya gasu, ya toyu, ya sauya kama gaba ɗaya. Yaya za a yi wuta ta dafa murfi ta bar tukunya ɗanya? James Nicol, farfesa a Aberdeen, ya ce na saman nan tsohon dutse ne, wata babbar tsaga ce ta kawo shi inda yake. Murchison ya sa ƙarfinsa ya danne maganar, ya ɗauko wani matashi mai suna Archibald Geikie suka zaga yankin a 1860, suka fitar da rahoton da ya tabbatar da ra'ayin maigida. Murchison ya rasu a 1871 da girmansa, Nicol ya bi shi a 1879 ana yi masa kallon wanda ya yi kuskure.

Wanda ya tone maganar malamin makaranta ne a asali, Charles Lapworth, wanda daga baya ya zama farfesa a Birmingham. Dabararsa ba ta da wani armashi. Maimakon ya ratsa tsaunuka a gurguje yadda manya ke yi, sai ya zauna a ƙaramin yanki ɗaya a bakin wani lungun teku mai suna Loch Eriboll a 1882 da 1883, yana bin kowane layin dutse taku-taku yana sa shi a taswira. A nan ya ga cewa an turo tsofaffin duwatsu daga gabas, an hau da su kan sababbi, kusan a kwance. Aikin ya ci shi har ya kwanta rashin lafiya, ana ma ba da labarin cewa cikin zafin ciwo yakan ji kamar tsaunin na niƙa jikinsa. Geikie, wanda a lokacin ya gaji kujerar shugabanci, ya tura ƙwararrunsa biyu, Ben Peach da John Horne, da fatan su ƙaryata shi. Suka je suka duba, suka dawo a 1884 suka ce gaskiyar Lapworth ce. Geikie ya haɗiye ya amince a rubuce, ko da yake bai yi wa waɗanda suka riga shi gani adalcin da ya kamata ba. Babban littafin Peach da Horne da abokan aikinsu ya fito a 1907. Layin turin, wanda ake kira Moine, ya kai kusan kilomita 190 daga Eriboll zuwa tsibirin Skye, kuma duwatsun da ke kansa sun yi tafiyar gomman kilomita.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne wani siririn dutse da Lapworth ya samu daidai kan layin, tsakanin na sama da na ƙasa. Ƙwayoyinsa sun yi laushi ƙwarai, ya jeru falle-falle kamar shafukan littafi. Ya ɗauka nauyin tsaunin ne ya niƙe shi kamar yadda dutsen niƙa ke yi wa gero, don haka a 1885 ya raɗa masa suna mailonait, daga kalmar Girkanci mai nufin wurin niƙa. Sunan ya zauna har yau, amma fassarar ta faɗi. An kai kusan shekara 90 kafin a gane cewa yawancin abin da ya faru a cikin dutsen nan ba niƙa ba ne.

Hujjar ta fito daga ɗakin gwaji. A Amurka, David Griggs ya shafe shekaru yana matsa ƙananan gutsattsarin dutse cikin na'ura mai tsananin zafi da nauyi. A 1965 shi da James Blacic suka nuna cewa farin dutsen nan mai tauri da muke kira ƙanƙara, wanda ake ƙyasta wuta da irinsa, in ɗan ruwa kaɗan ya shiga cikin ƙwayarsa kuma ga zafi, ƙarfinsa zubewa yake. A farkon shekarun 1970 masu duba mailonait da madubin ƙara girma suka tabbatar cewa ƙananan ƙwayoyin nan sababbi ne, sun tsiro ne daga jikin tsofaffin da aka murɗa. Yadda abin ke faruwa kuwa, duk mai zuwa masallaci ya san shi. Ƙwayar ma'adini sahu-sahu take a ciki. In giɓi ya samu a sahu, na kusa ya matsa taku ɗaya, na bayansa ya matsa, har giɓin ya fita ta ƙarshe. Sahu ya gusa, bai tsinke ba. A yi haka sau biliyoyi cikin shekaru miliyoyi, sai dutse ya miƙe kamar ƙarfe a kan uwar maƙera.

Zafin da ake bukata ba na narkewa ba ne. Ƙanƙara na fara bin wannan hanya daga wajen digiri 300, sauran fararen ma'adinan dutse sai an kai 450 zuwa 500. Da yake zafi na ƙaruwa da kusan digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita in ana nutsawa ƙasa, iyakar tana zurfin kilomita 10 zuwa 15. Sama da nan dutse karyewa yake, shi ya sa yawancin girgizar ƙasa a cikin nahiyoyi daga can take tasowa. Ƙasa da nan sai ja da naɗi, a hankali, 'yan santimita a shekara ko ƙasa da haka. Ke nan duk inda ka ga dutse mai naɗaɗɗen zane a fili, kana tsaye ne a wurin da dā yake binne ƙarƙashin kilomitoci na dutse, wanda ruwa da iska suka kankare suka tafi da shi.

Sikotlan ta ba da dabara ta biyu, kuma ita ce ta mayar da zane ya zama tarihi. A ƙarƙashin duk abin da Murchison da Nicol suka yi faɗa a kai akwai wani dutse mafi tsufa, mai shekara kusan miliyan 3,000, wanda aka naɗe aka sake naɗewa har ya zama kamar zaren da kaji suka yi wasa da shi. A 1951 wasu matasa biyu, mata da miji, Janet Watson da John Sutton, suka lura da wasu baƙaƙen jijiyoyin dutse da suka ratsa yankin a miƙe. A wani wuri jijiyar ta yanke naɗin ta wuce, ke nan naɗin ya riga ta. A wani wuri ita ma an lanƙwasa ta, ke nan wannan naɗin bayanta ya zo. Da wannan kaɗai suka raba tarihin gida biyu. Da aka zo auna shekaru, jijiyoyin suka kama wajen miliyan 2,400, naɗi na biyu wajen miliyan 1,700. Magini ma haka yake gane katangar da aka fara da wadda aka ƙara daga baya. Sannan John Ramsay ya kawo lissafi cikin lamarin. Littafinsa na 1967 ya koya wa ɗalibai auna yawan matsi daga siffar abin da aka matsa, kuma a 1970 shi da Rod Graham suka bayyana yadda murza ke taruwa a siraran zirori, gefe ɗaya na goga ɗaya, alhali dutsen da ke nesa kaɗan bai ji komai ba.

To, mu dawo gida. Mutumin da ya fara rubuta tarihin duwatsun ƙasar Hausa da wannan ido shi ma ɗan Sikotlan ne, John Falconer. Ya jagoranci binciken ma'adinai na Arewacin Nijeriya daga 1904 zuwa 1909, bayan faɗuwar Kano da Sakkwato da shekara guda kacal, kuma ba sai an faɗa ba, abin da Turawan mulki ke nema shi ne kuza da zinariya, ba tarihin duniya ba. A kan doki ya yi yawancin yawon, har ya rubuta littafi dabam a kan tafiyar. Littafinsa na duwatsu ya fito a 1911, kuma da aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya a 1919 shi ne shugabanta na farko. Rabon da ya yi har yau ana amfani da shi. Ya ce duwatsun giranit namu iri biyu ne. Akwai ƙanana a shekaru, masu kuza, irin na Jos da Riruwai, waɗanda suka huda ƙasa suka zauna babu wanda ya murɗa su. Akwai kuma tsofaffi, waɗanda suka cuɗanya da naɗaɗɗen dutsen da ke kewaye da su. Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a Zamfara daga wannan zuriya suke.

Falconer ba shi da hanyar sanin shekaru. Sai bayan yaƙin duniya na biyu aka iya auna su ta hanyar ma'adinan da ke rikiɗa a hankali daga wani sinadari zuwa wani. Da sakamako ya fara taruwa daga sassan Afirka, sai wani abu ya riƙa maimaituwa: Nijeriya, Kamaru, Mozambik, Madagaska, ko'ina lambar na faɗawa tsakanin miliyan 500 da 600. A 1964 W. Q. Kennedy na jami'ar Leeds ya ce wannan ba dace ba ne, wani babban al'amari ne guda ya gasa rabin nahiyar a lokaci ɗaya, ya sa masa sunan da ke nufin na Afirka duka. Ƙananan giranit na Jos kuwa ashe jarirai ne, ba su kai shekara miliyan 200 ba.

Daga nan aikin ya koma hannun jami'o'inmu, kuma a ganina wannan zamani bai samu yabon da ya cancanta ba. A Ibadan akwai M. O. Oyawoye, farfesan duwatsu na farko ɗan ƙasa, wanda ya yi nazarin wani dutse mai duhun kore da ke kewayen Bauchi, dutsen da har yau a littattafan duniya sunan garin yake ɗauke da shi. A Jami'ar Ahmadu Bello, Patricia McCurry ta zana taswirar yankin Zariya da yammacinsa a shekarun 1970, ta nuna cewa naɗi biyu manya ne suka hau juna: na farko ya fi karkata gabas da yamma, na biyu ya zo ya mayar da komai kudu da arewa. Wannan na biyun shi ne hanyar da dattijon nan ke bi da gudumarsa. In ka duba taswirar duwatsu ta arewa maso yamma za ka ga dogayen zirori a jere, duk sun fuskanci kudu da arewa da ɗan karkata: na Zuru, na Anka, na Maru, na Kushaka, na Birnin Gwari. Asalinsu laka ce da yashi da tsakuwar ruwa da amon duwatsu masu aman wuta, waɗanda suka taru a kwaruruka, aka matse su daga gabas da yamma har suka miƙe tsaye. A Maru akwai mai ɗauke da tama layi-layi. A Anka da Birnin Gwari akwai wanda har yanzu tsakuwar ruwan ke bayyane a jikinsa, kuma inda matsi ya yi tsanani, tsakuwar da ruwa ya mulmula takan zama doguwa kamar ƙwallon dabino. Ko duk zirorin sa'o'in juna ne, ko wasu sun girmi wasu da ɗaruruwan miliyoyin shekaru, masana sun daɗe suna ja-in-ja a kai.

A 1979 A. C. Ajibade da abokan aikinsa biyu, Fitches da Wright, suka bayyana cewa duwatsun da ke kewayen Zungeru mailonait ne. Sunan da Lapworth ya raɗa a bakin tekun Sikotlan ya iso bakin kogin Kaduna, a garin da Lugard ya yi hedikwata. Ma'anarsa ita ce nan ma wani yanki na ɓawon duniya ya goga wani, a zurfi, cikin zafi.

Me ya yi wannan matsin? A shekarar 1979 ɗin dai Russell Black da René Caby da wasu masu bincike da ke aiki a hamadar Mali suka kawo hujjar cewa teku ce ta rufe. A yammacinmu akwai wani tsohon dunƙulen nahiya mai sanyi da tauri, wanda ya ɗauki Gana ta yamma, Kwaddibuwa, Gini, Burkina Faso da Muritaniya, kuma bai motsa ba tun kusan shekara miliyan 2,000. Tsakaninsa da mu akwai teku. Ta yi ta ƙanƙancewa har ɓangarorin biyu suka yi karo wajen shekara miliyan 600 da suka wuce. Ɗinkin ya bi ta gabashin Mali, ya sauko ta Benin da Togo zuwa kudu maso gabashin Gana. A yankin Gurma na Mali, Caby ya samu ma'adinin da ba ya samuwa sai a zurfin da ya kai kusan kilomita 90, alamar cewa gefen nahiya ya nutse can ƙasa ya sake dawowa. Tsaunukan da karon ya tayar ana kwatanta su da Himalaya. Mu ne muka sha wuya, domin ɓangarenmu ne mai ɗumi. Ƙasan ɓawon ya yi zafi har ya fara narkewa, narkakken ya taso ya daskare a zurfi ya zama su Kufena. Guntayen ƙasa kuma suka riƙa zamewa gefe da gefe, suna tsere wa matsi. A 1994 Black da abokansa suka ƙirga irin waɗannan guntaye har 23 a ƙasar Abzinawa, daga Hoggar ta Aljeriya zuwa Azbin ta Nijar, kowanne da zirin murza a iyakarsa. Ɗaya daga cikin manyan zirorin ya fito daga Hoggar, ya nutse ƙarƙashin yashi, ya ɓullo a Kandi ta Benin, ya shiga teku, ya ci gaba a arewa maso gabashin Brazil. A lokacin babu Atlantika, Legas da gaɓar Brazil maƙwabta ne.

Wannan karo ya goge kusan duk abin da ya riga shi, kamar allon da aka wanke aka sake rubutu. Amma wanki bai cika fitar da tawada duka ba. Akwai wata ƙwayar ma'adini mai suna zirkon, ba ta fi ƙwayar yashi girma ba, ba ta narkewa da wuri, kuma tana riƙe da yuraniyom da ke rikiɗa ya zama dalma a kan ƙa'idar da aka sani. A 2001 Alfred Kröner da Barth Ekwueme na jami'ar Kalaba da Robert Pidgeon suka wallafa sakamakon auna zirkon daga wani dutse mai zane a cikin garin Kaduna: shekara miliyan 3,571. A lokacin babu wanda aka sani ya fi shi tsufa a Afirka ta Yamma. Duniyar kanta shekarunta wajen miliyan 4,500 ne. Ina yawan tuna cewa irin wannan dutse ne tifa ke kwashewa kullum ana zuba kankare.

Ƙarshen al'amarin shi ne ya fi shafar rayuwarmu. Da tsaunukan suka fara zaizayewa, dutsen ya matso sama ya huce, alewa ta daina jawuwa ta fara karyewa. Dogayen tsagogi suka buɗe, irin wadda ta bi ta Anka zuwa Yawuri. Ruwan zafi mai ɗauke da narkakkun ma'adinai ya bi tsagogin, ya huce, ya bar fararen jijiyoyin ƙanƙara. A cikinsu zinariyar Maru da Anka da Birnin Gwari da Bin Yawuri take. Mahaƙan gargajiya ba su karanta Ramsay ba, amma jijiya suke bi, kuma sun san inda take dosa. Ruwan nan bai kawo zinariya ita kaɗai ba. A wasu jijiyoyin ya haɗa ta da ma'adinin dalma. A 2010, da farashin zinariya ya hau, mutanen ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma suka riƙa kawo dutsen cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu da gubar, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa.

Daga Gusau in ka nufi Sakkwato, a hankali duwatsun za su ɓace, yashi da laka da farar ƙasa su rufe su, har siminti ake yi da farar ƙasar a Kalambaina. Haka in ka yi gabas daga Kano zuwa Haɗeja. Amma tsohon dutsen na nan a ƙasa. Yana leƙowa a kudancin Maraɗi, ya sake leƙowa a Damagaram inda gidajen Zinder ke raɓe da manyan duwatsu, sannan ya fito sosai a Azbin. Masu haƙa burtsatse su ne suka fi kowa saninsa yanzu. A Zariya ko Funtuwa, in bakin injin ya wuce jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutse ya dira kan mai rai, ƙara na sauyawa, farar ƙura ta turnuƙe, mai gida ya fara lissafin kuɗinsa. Dutsen da aka matse a zurfin kilomita 15 bai bar wa ruwa ko kafar allura ba. Sai in an dace da tsaga, daga cikin waɗanda suka buɗe bayan ya huce, sannan ƙurar ta jiƙe, taɓo ya biyo, yaran unguwa su ruga da bokitai.